Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Jirgi Mai Saukar Ungulu

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan dukkansu a kan jirgi mai saukar ungulu suke, wanda wasu ke kira helikwafta. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunaye, domin wasu daga cikin masu tambayar suna bakin aiki, kuma ba na so amsata ta jawo musu magana a wurin shugabanninsu. Abin da zan faɗa na tsinto shi ne daga shekarun da na yi ina tuƙi da koyarwa, da kuma rahotannin binciken haɗurra da hukumomi suka fitar. Ba zai maye gurbin littafin jirginka ba, balle malamin da ke zaune a gefenka.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Kyaftin. Ni mataimakin matuƙi ne, shekarata biyu a aiki. Kwanakin baya mun ɗauki wani babban mutum daga Jidda za mu kai shi Baha, sai gajimare ya fara rufe kawunan duwatsu. Zuciyata ta ba ni mu juya, amma kyaftin ɗin sa'an mahaifina ne, baƙon kuma sai duba agogo yake yi, don haka na ja bakina na yi shiru. Allah ya kai mu lafiya, amma har yau abin yana ci mini rai. Shin rashin kunya ne yaro ya ce wa babba a juya? (Daga Hindawiyya, Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba rashin kunya ba ne, aikin da aka ɗauke ka dominsa ke nan. Da kamfani mai yin shiru yake nema, da buhun dabino ya ɗora a kujerarka ya huta da biyan albashi.

Na san daga inda abin ya samo asali. An raine mu a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse masa magana, kuma ko ya hango kuskure sai ya biyo ta bayan gida kafin ya faɗa. Wannan tarbiyya tana da kyau a zaure da gaban surukai, amma jirgin da ke gudun kilomita 200 a sa'a yana cinye fiye da kilomita uku a duk minti ɗaya da ka ɓata kana neman lafazin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Hanyar da kuka bi kuwa sananniya ce ga duk wanda ya yi aiki a kudancin Saudiyya: iska mai danshi tana tasowa daga Bahar Maliya, ta ratsa Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin tekun, ta hau gangaren duwatsun Sarawat, bayan azahar sai ta rikiɗe ta zama hazo da gajimare a daidai bakin tsaunin, inda garuruwa irin su Baha da Abha suke zaune a tsayin da ya haura mita 2,000. Ƙofar da ka shigo ta cikinta takan rufe a bayanka ba ka sani ba.

Ga abin da ke faruwa idan gajimare ya haɗiye matuƙin da yake tuƙi da ido. A cikin kunnen ɗan Adam akwai ƴan bututu uku masu ruwa, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki ya karkata. Idan jirgi ya karkata a hankali ba sa ji, idan kuma ya daɗe yana juyawa, kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan natsa, sai kunne ya shaida cewa a miƙe ake tafiya. Muddin ana ganin ƙasa, ido yana ƙaryata kunne. Da zarar fari ya rufe gilashi, babu sauran mai gaskiya sai na'urorin da ke gabanka, kuma gaskata su alhali duk jikinka yana rantsuwa cewa ƙarya suke yi abu ne da sai wanda ya yi horo ya kuma ci gaba da maimaita shi. Ƙungiyar kiyaye haɗurran irin wannan jirgi ta Amurka ta duba haɗurran da aka rasa rayuka a cikinsu ta wannan hanya, ta fitar da adadin da kowane ɗalibi ya kamata ya haddace: daƙiƙa 56 tsakanin shiga gajimare da faɗuwa.

Ba ƙananan matuƙa kaɗai abin yake ci ba. Ranar 26 ga Janairun 2020, jirgin Sikorsky S-76 da ke ɗauke da ɗan wasan kwando Kobe Bryant ya faɗi a Kalabasas ta jihar Kalifoniya, mutum 9 suka rasu. Matuƙin gogagge ne, kuma ya gaya wa masu kula da zirga-zirgar sama cewa hawa yake yi, alhali jirgin ya karkata hagu yana gangarawa. Masu bincike sun ambaci matsin da ya ɗora wa kansa na son ya kai babban baƙonsa inda za shi. Ranar 9 ga Fabrairun 2024, shugaban kamfanin Access Holdings na Najeriya, mai bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da wasu mutum uku sun rasu a hamadar Kalifoniya, da dare, cikin ruwan sama da ƙanƙara, rahoton hukuma kuma ya sake nuna abu guda: an ci gaba da tuƙin ido a yanayin da ido ba ya aiki. A watan Mayun shekarar, ranar 19, jirgin Bell 212 na shugaban Iran Ibrahim Ra'isi ya faɗi a duwatsun arewa maso yammacin ƙasar, rahoton rundunar sojinsu ya ɗora alhakin a kan hazo mai kauri. Ka lura da kyau, a duka ukun akwai babban mutum a kujerar baya.

Maganin ba jarumtaka a sama ba ce, shiri ne a ƙasa. Kafin a tayar da inji, ku zauna kai da kyaftin ku yanke iyaka da adadi: idan nisan gani ya gaza kaza, ko gajimare ya danne mu ƙasa da tsayi kaza, ko muka ga muna rage gudu domin lalube, to magana ta ƙare, juyawa za mu yi ko sauka. Shi ma baƙo a gaya masa tun ƙafarsa tana ƙasa cewa yanayi yana iya mayar da ku, a kuma tanadi mota. Idan an yi haka, lokacin da ka buɗe baki a sama ba gardama kake yi da babba ba, alkawarin da kuka ɗauka tare kake tuna masa. Sannan ka yi maganar hawa-hawa. Da farko ka ce, "Kyaftin, gajimare yana sauka a gabanmu." In bai amsa ba ka ce, "Kyaftin, hankalina bai kwanta ba, mun kai iyakar da muka yanke." In har yanzu shiru, ka ce, "Kyaftin, mu juya yanzu, hagunmu a buɗe take." Ladabi yana cikin murya, ba cikin ɓoye abin da ido ya gani ba.

Kuma kada ka manta da baiwar da wannan jirgi yake da ita wadda mai fukafukai ba shi da ita. Marigayi Matt Zuccaro, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu irin wannan jirgi ta duniya, tun 2013 ya riƙa jan kunnen matuƙa cewa jirgin da ke iya sauka kusan ko'ina bai kamata ya kashe mutane don an ƙi saukar da shi ba. Ni kaina na taɓa ajiye jirgi a wata gonar dawa da aka girbe a gindin gangaren, ina ɗauke da manajan wani kamfani da injiniyoyinsa. Wani dattijo mai kiwon awaki ya zo mana da gahawa a fulas da ɗan dabino a ƙwarya ta roba, muka zauna a inuwar jirgin muna kallon hazo yana malalowa daga bakin dutse kamar an kifar da kunu. Manajan ya ƙi taɓa gahawar, sai buga waya yake yi, har mota ta zo bayan sa'a uku. Ya kai ƙarata, aka kira ni ofis, na rubuta bayani shafi ɗaya aka saka a fayil. Ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama sakandare ya nace sai ya koyi tuƙin wannan jirgi. Maƙwabta sun ce mini idan injinsa ya mutu a sama faɗowa yake yi kamar dutse, tunda ba shi da fukafukai. Na rasa barci. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Shari'u Mansur, Makka)

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Maƙwabtanki sun faɗi abin da suka ji ne, amma ba haka abin yake ba. Babbar farfelar da ke samansa ita ce fukafukansa, kuma an haɗa ta da inji ne irin haɗin tayar keke da feda: idan mai keke ya daina takawa a gangara, taya ba ta tsayawa. Da inji ya mutu, matuƙi zai sauke sandar da ke hannunsa na hagu, wadda ke rage kaifin kwanciyar fukafukan farfela, sai iskar da ke bugowa daga ƙasa yayin da jirgin yake gangarowa ta ci gaba da juya ta. Yana iya karkata dama ko hagu ya zaɓi fili. Idan ya kusa ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya karya gudu, sannan ya ja sandar ya kashe sauran ƙarfin da farfelar ta tara wajen ajiye jirgin a hankali. Ba a ba kowa lasisi sai ya nuna ya iya wannan, kuma matuƙi na gari yana maimaita shi har ya yi ritaya.

Amma ba zan ɓoye miki inda gizo yake saƙa ba. A ƙaramin jirgin koyo irin Robinson R22, wanda farfelarsa ba ta da nauyi, abin da matuƙi yake da shi kafin juyin farfela ya faɗi ƙasa da kima bai kai daƙiƙa biyu ba, shi ya sa malamai suke hana ɗalibi sakin wannan sanda ba dalili. Akwai kuma wani yanki na tsayi da gudu da kowane littafin jirgi ya zana ya ce a guje shi, misali tsayawa cak a sama, ba can ƙololuwa ba, ba kuma dab da ƙasa ba, domin a nan babu isasshen tsayi ko gudun da za a juya farfela da shi. Wannan ne dalilin da za ki ga jirgi mai inji ɗaya yana ɗan tashi ya sunkuyar da kai ya yi gaba kafin ya hau, maimakon ya miƙe sama kamar kan igiya.

Ni abin da zan roƙe ki ki duba ba inji ba ne, domin rahotannin bincike sun daɗe suna nuna cewa hukuncin matuƙi ya fi lalacewar inji jawo haɗari. Ki dubi halin yaron, ke kika fi kowa saninsa. Idan yana cikin masu wasan ganganci da mota a titi, abin da samarin nan ke kira tafhiɗ, ko kuwa ba a iya ce masa ya yi kuskure sai ya kumbura, to a fara gyara wannan tukuna. Idan kuwa mai natsuwa ne mai karɓar gyara, ku tabbatar makarantar tana da izinin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Saudiyya ko takwararta a ƙasar da zai je, ki sa masa albarka.

Tambaya: Kyaftin, ni ɗalibi ne. Me ya sa jirgin da ya ɗaga mu da sauƙi a Jidda da sassafe, da muka je Ɗa'ifa da rana da nauyi kusan ɗaya sai ya riƙa nishi kamar ba zai tashi ba? (Daga Jidda)

Amsa: Ƙanena, farfela iska take tunkuɗawa ƙasa, inji kuma iska yake shaƙa, saboda haka duk abin da ya sirantar da iska ya rage musu ƙarfi su duka biyun. Abu uku ne ke yin haka: tsayin wuri, zafi, da danshi. Ga lissafin da za ka iya yi da ka. Ma'aunin da aka gina littattafan jirage a kansa shi ne digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Duk digiri ɗaya da zafi ya ɗara wannan ma'auni, jirgi yana jin kamar an ƙara masa tsayin ƙafa 120. Filin jirgin Ɗa'ifa yana kan kusan ƙafa 4,800, inda ma'auni ya ce zafi ya kamata ya zama wajen digiri 5. Idan ka tarar da digiri 35, ka ɗara da 30, wato ƙarin ƙafa 3,600, jirginka kuwa yana jin kansa a sama da ƙafa 8,000 tun bai bar ƙasa ba. A Jidda da asuba, da digiri 25, abin da yake ji bai wuce ƙafa 1,200 sosai ba. Ko Makka da ba ta da tsayi, ranar 17 ga Yunin 2024 da aka auna digiri 51.8 a Harami lokacin aikin Hajji, jirgi yana jin ya haura ƙafa 5,000.

Akwai tarko a nan da ya kamata ka sani. Idan jirgi yana shawagi dab da ƙasa, iskar da ya tunkuɗa tana tallafa masa, sai ya buƙaci ƙarfi kaɗan. Da ya ɗaga sama da faɗin farfelarsa wannan tallafi ya tafi. Matuƙi yakan ga jirgi ya ɗagu mita ɗaya ya ce alhamdu lillahi, ya nufi katanga ko bakin kwari, a can ne zai gano ƙarfin bai isa ba, juyin farfela ya fara faɗuwa, kuma jan sanda a wannan hali ƙara ta'azzara abin yake yi. Littafin jirgi yana da jadawali biyu, na shawagi dab da ƙasa da na shawagi nesa da ita. Idan wurin da za ka sauka ƙunci ne ko kan dutse, na biyun za ka duba, da zafin lokacin da za ka isa, ba na lokacin da ka tashi ba. In lissafi bai ba ka ba, ka rage kaya, ko ka yi sawu biyu, ko ka jira la'asar sakaliya. Kuma ka auna fasinja da sikeli. Na sha jin mutum ya ce kilo 80 ne shi, sikeli ya ce 105, ban da jarkar zamzam da ya ɓoye a bayan kujera.

Tambaya: Baba, ni ma'aikacin jinya ne a motar ɗaukar marasa lafiya. Wani lokaci ana kiran jirgi ya sauka a gefen babbar hanya idan an yi haɗari, ko a lokacin Hajji. Me ya kamata mu da muke ƙasa mu yi? (Daga Madina)

Amsa: Ɗana, wannan tambaya ta yi mini daɗi, domin rabin lafiyar sauka a hannunku take. Babban abokin gabanmu a hamada ƙura ce. Idan jirgi ya rage gudu ƙasa da kamar kilomita 30 zuwa 45 a sa'a, iskar farfela takan daina zama a bayansa ta riske shi. Matuƙi yana ganin ƙurar ta gefen ido tana tahowa daga wutsiya, ta iso ƙofa, sannan cikin ƙiftawar ido gilashi ya zama launin ƙasa, alhali saura mita biyu ko uku a taɓa. Jirgin yana iya zamewa gefe ba a sani ba, ƙafa ɗaya ta kama ƙasa, ya kife. Irin wannan makantar ƙura ce ta kifar da jirgin AW139 da ke ɗauke da mataimakin shugaban Najeriya na lokacin, Yemi Osinbajo, a Kabba ta jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairun 2019, Allah ya sa babu wanda ya rasu. Mu matuƙa abin da muke koya shi ne mu tsayar da ido kan wani abu na kusa, dutse ko ɗan kurmi, mu sauka muna ɗan tafiya gaba ba tare da tsayawa shawagi ba, kuma da abin nan ya ɓace mana mu ja sama mu sake zagayowa.

Ku kuma ku zaɓa mana kwalta ko ƙasa mai tauri maimakon rairayi, in da motar kashe gobara a yayyafa ruwa. Ku ɗaga kai ku dubi wayoyin lantarki ku gaya mana ta rediyo inda suke, domin ku kuna ganinsu a jikin sararin sama, mu kuwa daga sama sun saje da ƙasa. Ku kwashe duk abin da iska za ta iya ɗauka, leda, kwali, bargo, lema. Da dare kada a haska mana fitila a fuska, domin ido yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya rushe shi.

Bayan an sauka, kowa ya tsaya sai matuƙi ya yi alama. A tunkaro jirgi ta inda matuƙi yake ganin mutum, a ɗan sunkuye, kada a ɗaga komai sama da kai, har da sandar ƙarin ruwa. Bayan jirgi haramun ne, domin farfelar wutsiya tana gudun da ido ba ya ganinta. A kan gangara a zo ta ɓangaren ƙasa, saboda ta ɓangaren tudu babbar farfela tana kusa da kai. Sai maganar tufafinmu, wadda littattafan Turawa ba su cika kawowa ba: shimagi (ƙyallen da maza ke yafawa a ka), hula, mayafi, babbar riga, da mayafin harami da ba a ɗaure ba. A cire a riƙe, ko a ɗaure tamau. Idan iska ta fizge hula, a bar ta ta tafi. Na taɓa ganin dattijo ya juya da gudu zai bi hularsa ta wajen wutsiya, wani yaro ma'aikaci ya rungume shi suka faɗi tare, ya tashi yana faɗa an ci masa mutunci.

Tambaya: Malam, ina kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku. Da azumi nakan ji kaina ya yi nauyi bayan azahar. Wani abokin aikina ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in yi tawakkali kawai. Mene ne ra'ayinka? (Daga Dammam)

Amsa: Ɗan'uwa, fatawa ta malamai ce, ka kai musu bayanin aikinka dalla-dalla, nisan tafiya da yawan sawu da rayukan da kake ɗauka, domin Alƙur'ani ya yi sauƙi ga matafiyi a Suratul Baƙara, su kuma za su gaya maka ko kana ciki. Abin da ni zan iya faɗa shi ne na jiki. Gidan matuƙi gilashi ne ta ko'ina, rana tana dukansa kai tsaye, kuma a saman Tekun Fasha da bazara ga zafi ga danshi, ga rigar ceto a jikinka. Ƙishirwa tana fara taɓa natsuwa da saurin lissafi tun kafin mutum ya ji jiri, kuma mai ita shi ne na ƙarshen ganewa. Sai dai a ganina rashin barci ya fi yunwa illa a watan Ramadan, domin a ƙasar nan dare yakan koma rana: tarawihi, ziyara, kasuwa, sahur, sannan a tashi jirgi da hantsi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, aikinsa yana lalacewa daidai da wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Mu da ba ma kusantar giya bai kamata mu shiga jirgi da irin mayenta ba. Ka ƙara da maganin mura mai sa gyangyaɗi, wanda bai kamata ka sha ba sai da sanin likitan matuƙa.

Ka nemi a ba ka sawun safe, ko ka ɗauki hutunka na shekara a watan, ka kuma kwanta da wuri ko da za a ce ka yi rowar zumunci. Ranar da ka ji kanka ba daidai ba, ka faɗa a sauya ka. Shi kuwa abokin naka, ka tuna masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Tambaya: Kyaftin, shekarata 15 ina tuƙa jirgi iri ɗaya, na haddace takardar dubawa, wato jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi, kamar Fatiha. Har yanzu dole ne in riƙa karanta ta layi-layi kamar sabon shiga? (Daga Yanbu)

Amsa: Abokina, dole ne, kuma kai ka fi sabon shiga buƙatarta, domin shi tsoro yana tsare shi, kai kuwa sabo ya cire maka tsoron, sabo kuma an ce turken wawa ne. Wanda ya haddace abu yakan ga abin da ya saba gani, ba abin da ke gabansa ba. Ka sa yatsa a kan layi, ka taɓa abin da ka ambata, ka faɗe shi da baki. Ka tsiyayi mai a kwalba kowace safiya ka ɗaga shi ga haske ka nemi ɗigon ruwa a gindi, musamman a gari irin naku na bakin teku inda raɓa take taruwa a tanki. Ka riƙa gwada abin da agogon mai yake nunawa da lissafin lokacin da ka yi a sama, in sun saɓa ka gaskata wanda ya fi muni.

Abin da ya fi kama gogaggu shi ne katsewa. Ina da kusan shekarunka a aiki lokacin da waya ta yi ƙara ina tsakiyar zagaya jirgi, na amsa, na dawo na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya. Har na ɗaura bel na kai hannu zan tayar da inji, sai makanike ya ƙwanƙwasa gilashi yana nuna sama: murfin inji na dama a buɗe yake, da tsumman goge mai a kwance a bakinsa. Tun daga ranar wayata a cikin jaka take kwana har sai na gama, kuma duk wanda ya katse ni, ko da sallama ce, nakan amsa masa sannan in koma hancin jirgi in faro daga layin farko.